Yadda Muka Daidaita Teburin Baba

Yayana bai taɓa riƙe guduma da niyyar aiki ba. In ƙusa ta zare daga ƙofar gidanmu a Fagge, sai ya tsaya ya kalle ta, ya yi tsaki, ya aika a kira kafinta. Atamfa da shadda ya sani, a Kantin Kwari ya buɗe ido, a can kuma ya yi furfura. Saboda haka ranar da ya dawo daga ƙasar Sin da wani akwati wanda sai da 'yan dako suka yi masa taron dangi, ya ce mana injin sassaƙa ne mai aiki da kwamfuta, kuma ba don sayarwa ya sayo shi ba, don nishaɗi ne, ni dai na dubi Inna, Inna ta dubi ƙasa.

A lokacin soja sun koma bariki, farar hula sun hau, har an yi zaɓe an sake yi. Gari ya cika da sababbin kalmomi. Kowa kwamiti, kowa ƙaddamarwa, kowa yana da matsalar da ya gada daga gwamnatin baya. Mai shayin layinmu ma da ya sayi sabon benci sai da ya tara mutane aka yi masa addu'a aka yanke zare. Yaya ya shaƙi wannan iska har ya ƙoshi. In ya ce zai je wanka, sai ka ji kamar zai bayar da kwangila.

Gidanmu ba wurin da za a ajiye injin, kuma Inna ta ce ba za a kawo mata ƙara tsakar gida ba. Sai aka kai shi Sabon Gari, wurin wani kafinta Ibo da muke kira Oga. A Sabon Gari aka haife shi, Hausa a bakinsa ta fi tawa gudu, kuma shi da Yaya tun suna yara suke zagin juna ba tare da an taɓa jin kansu ba. Ya ba Yaya wani ɗaki a bayan shagonsa. Da aka buɗe akwatin aka harhaɗa, sai ga wani abu kamar gadon ƙarfe, da gada a gicciye a kansa, a jikin gadar kuma wani kai mai haƙori ɗaya yana kallon ƙasa. Kwamfuta ce ke gaya wa kan nan inda zai je, shi kuma ya bi katako yana aske shi layi layi. Oga ya zagaya shi, hannu a baya, ya ce, "Alhaji, wannan ne zai kore ni daga aiki?"

Yaya ya ce, "Ba korarka zai yi ba, Oga, ritaya zai yi maka cikin mutunci."

Da abin ya tsaya a nan da ban rubuta komai ba. Amma inji yana son abin da zai ci, kuma idon Yaya ya faɗa kan teburin Baba.

Teburin nan shi ne wanda Baba ya yi rayuwarsa yana yankan yadi a kai a Kwari. Fuskarsa katakon maɗaci ne guda, ba haɗi, kaurinsa ya kai faɗin tafin hannu, kuma uban Oga ne ya yi shi. Shekaru sun cinye tsakiyarsa ya yi kwarmi, gefensa duk sawun almakashi. Bayan rasuwar Baba, Yaya ya zuba akwatunan gilashi a shago, ya ce tebur ya zama tsohon yayi, aka kawo shi gida. Inna ta sa aka ajiye mata shi a barandar ɗakinta. Ba ta cin abinci a kai, ba ta bari a ɗora masa ko kofi. Kullum da hantsi takan goge shi da tsumma, ta zauna kusa da shi tana jan carbi. Abin da ya rage mata na mijinta ke nan wanda ake iya taɓawa da hannu.

Yaya ya zo ya durƙusa ya ce yana so ya gyara shi, ya aske masa fuska kaɗan ya dawo sabo fil kafin Salla. Shi ɗan fari ne, Inna ba ta kiran sunansa, ba ta kuma yi masa magana kai tsaye in da wani a wurin. Sai ta dube ni.

"Gaya masa ni ban ce ya lalace ba."

Na gaya masa, ko da yake yana ji. Ya yi ta bayani, kwarmin nan yana tara ƙura, katako yana buƙatar numfashi, a ƙasashen da suka ci gaba haka ake yi. Inna ta gaji da ƙasashen da suka ci gaba, ta ce, "Gaya masa ya share masa fuska kawai. Kada ya cinye min shi."

Ni malamin lissafi ne a firamare, don haka aka naɗa ni sakataren aiki ba tare da an tambaye ni ba. Shawarata ta farko ita ce a gwada injin a kan wani guntun katako na banza, ga su nan jibge a shagon Oga. Yaya ya dube ni irin kallon da ake yi wa ɗan adawa, ya ce sabuwar mota ba a fara ɗora mata taki. Oga kuwa da ya san gaskiyata ce, bai goya min baya ba, sai sosa ƙeya yake. Shi burinsa injin ya ji kunya a gaban jama'a, bai tsaya ya tuna katakon wa za a ji kunyar a kansa ba.

Aka yi ƙaddamarwa. An kafa rumfa, an kawo lemo, abokan Yaya daga Kwari sun zo cikin manyan riguna, maƙwabtan Oga masu sayar da kayan mota sun zo su ma. Aka shigo da fuskar teburin, wadda aka cire aka bar ƙafafun a gida, aka kwantar a gadon injin aka ɗaure. Aka tayar da janareta, domin masu wuta sun ji labarin biki sun ɗauke abarsu. Yaya ya yi bisimilla ya danna. Haƙorin ya sauka yana kuka, ya fara tafiya, jan gari yana tashi, ƙanshin maɗaci ya cika ɗakin. Aka yi tafi. Ni ma na yi, ba zan ɓoye ba, abin da ban sha'awa.

Da ya gama aka share, sai ga fuskar teburin Baba ta yi kunya-kunya kamar gonar da aka yi wa huɗa. Duk inda haƙorin ya bi ya dawo, ya bar ɗan tudu siriri daga wannan kai zuwa wancan. In ka shafa da hannu sai ka ji gargada.

Wani daga cikin 'yan Kwari ya ce ai ado ne. Wani ya ce a Dubai irinsa ake yayi. Yaya ya ce tun da muna zamanin dimokuraɗiyya, masu ganin tebur ya daidaita su ɗaga hannu. Duk wanda ke riƙe da kwalbar lemo ya ɗaga ɗaya hannun. Ni da Oga muka sha kaye. Aka watse ana sam barka, tudun nan kuwa bai ji sakamakon zaɓe ba, yana nan inda yake.

Da gari ya waye Yaya ya kira mu taron gaggawa. Ya ce matsala ce da muka gada, daɓen ɗakin Oga ne a karkace. Oga ya ce daɓen ubansa ya fi gaskiyar duk mutanen Kwari miƙewa, ya ɗauko ma'auninsa mai ɗigon ruwa a ciki ya ɗora. Ɗigon ya gudu hagu. Ya juya ma'aunin, ɗigon ya sake gudu kan nan na ma'aunin dai, ko da yake yanzu kan ya koma dama. Ashe ma'aunin ya taɓa faɗowa daga rufin wani coci, tun daga nan yake da ra'ayinsa. Muka ɓata mako guda muna bin ra'ayin nan, muna ɗaga ƙafar inji muna saukewa.

Daga baya dai, cikin takardar da ta zo da injin, wadda rabinta hoto ne rabi kuma Turancin da ko Bature sai ya nemi tafinta, muka gane inda gizo ke saƙa. Kan injin ne bai tsaya cak ba. Ya ɗan sunkuya gaba kaɗan, abin da ido ba ya gani, don haka gefe ɗaya na haƙorin yana nutsewa fiye da ɗayan, shi ne yake barin tudu. Maganin shi ne a kwance notin da ke riƙe da kan, a cusa wani abu siriri a bayansa ta wajen da ya sunkuya, a sake ɗaurewa.

Yaya ya yi dariya ya ce, "Wannan ne kawai? Ai mu muka ƙirƙiro shi."

Gaskiyarsa, ta wani ɓangare. A Kwari ba teburin da ke tsaye da ƙafafunsa shi kaɗai. In tebur yana rawa, ƙyalle ake ninkewa a cusa masa. In ƙofa tana buɗe kanta, ƙyalle. In fanka tana ƙara, ƙyalle. Ɗan Kwari bai yarda akwai wata ɓaraka a duniya da ƙyalle ba zai toshe ba. Yaya ya zura hannu a aljihu ya fito da guntun atamfa mai zanen ganye, irin wanda yake nuna wa masu saye, ya ninka shi da kyau, ya cusa a bayan kan injin, Oga ya ɗaure noti. Ni lissafi na sani, ba ƙarfe ba, na ga abin ya yi daidai da hankali. Oga ya ce bai taɓa ganin an yi haka ba, amma kuma bai taɓa ganin injin ba.

Abin haushin shi ne dabarar ta yi aiki. Layukan farko suka fito sumul, har Yaya ya fara neman wanda zai kira a waya. Kafin haƙorin ya kai tsakiya, tudu ya fara leƙowa, kafin ya kai ƙarshe ya dawo da 'yan uwansa. Yaya ya ce ƙyallen ne ya yi kaɗan. Aka ƙara ninki. Aka sake askewa, farko sumul, ƙarshe gargada. Ya ce atamfa ce ba ta da nauyi, aka sa shadda. Aka sake askewa.

Kuma akwai wani abu da ya fi ƙyallen ci min rai. Kafin kowace askewa kwamfuta takan tambayi zurfin da za a ci. Ni nake lissafawa, in ce kaza ya isa ya share tudun. Yaya sai ya rubuta abin da na faɗa, ya ɗan yi jim, ya goge ya ƙara. Na ce, "Yaya, me ya sa?"

Ya ce, "Haka Baba ya koya mana. In ka auna yadi, ka ƙara faɗin babban yatsa kafin ka sa almakashi. A nan albarka take. Ni ban taɓa yanka daidai wa daida ba, ba kuma zan fara a kan teburinsa ba."

Na ce, "Yaya, a yadi ƙarin na mai saye ne. A nan ƙarin na ƙasa ne, shara ake yi da shi."

Ya ce matsalata ke nan, boko ya cire min tausayi.

Haka muka yi ta yi, duk ranar da ba kasuwa sosai. Farko sumul, ƙarshe gargada, kowane zagaye da albarkarsa. Sawun almakashin Baba suka tafi tun a zagayen farko. Kwarmin ya yi ta ƙanƙancewa har ya ɓace. Katakon da ya kai faɗin tafin hannu ya koma yatsa uku, ya gangaro biyu. Oga ya daina dariya. Wata rana na same shi shi kaɗai yana shafa gefen katakon, ya ce min a hankali, "Malam, ubana ya ce sai da suka yi kwana da kwanaki suna jan zarto kafin su fitar da wannan." Na ce to ka gaya wa abokinka mana. Ya ce ya gaya masa, an ce masa hassada ce.

Ni kuma kullum na koma Fagge sai Inna ta tare ni da ido. Ƙafafun teburin suna nan a barandarta ba fuska, ta lulluɓe su da tsohon zane. Takan ce, "Ana nan ana sharewa?" In ce ana nan. Ta ce, "Wannan fuska da yawan datti take." Ba ta ƙarawa. Ni kuwa abincin ranar ba ya min daɗi. Na yi wa Yaya magana da lalama, na yi da faɗa, har na ce zan ajiye muƙamin sakatare. Ya ce ba a barin aiki a tsakiya, in aka tsaya yanzu da gargada za a mayar wa Inna, a ba shi zagaye ɗaya kawai. Duk wanda ya zauna a ƙasar nan ya san zagaye ɗaya kawai.

Abin da ya cece mu ba hikimar kowa ba ce, ciniki ne. Wata Hajiya mai haɗa kayan lefe ta zo shagon Yaya tana neman wata atamfa mai zanen ganye da ta gani wurinsa kwanakin baya, ta ce in ba ta ga samfurin ba ba za ta yarda ita ce ba. Yaya ya tuna inda samfurin yake. Ya hau ɗan acaɓa da babbar rigarsa har Sabon Gari, ya same ni da Oga, ya sa aka kwance noti ya zaro ƙyallen. Abin da ya fito ba ƙyalle ba ne kuma. Ya daskare da mai, ya lallatse ya koma kamar takarda, wani gefen ma ya ƙone. Shaddar da aka ƙara a kai ta fi shi shan wahala.

Yaya ya juya shi a hannu. Yadi dai ya sani, ba mai koya masa. Ya ce, kamar da kansa yake magana, "Bugu ya sha. Kamar a wurin masu bugun shadda." Girgizar injin ce take bugunsa tun daga layin farko, yana kwanciya a hankali, kan injin yana bin sa yana sunkuyawa. Mu kuma muna ƙara masa ninki yana samun abin bugu.

Bai koma wurin Hajiyar ba ranar. Oga ya kawo gwangwanin madara ya yanka shi falle-falle da almakashin kwano. Muka shimfiɗa gilashin taga a gadon injin domin shi ba ya da tudu. Muka cire haƙorin, muka ɗaura wata waya mai kauri irin ta ƙafar keke a madadinsa, muka lanƙwasa ta yadda bakinta zai zagaya da faɗi. Sai a juya ta da hannu a hankali, gaba, dama, baya, hagu, ana zura takarda tsakaninta da gilashin. Inda takarda ta wuce salin-alin, nan ya yi sama. Inda ta maƙale, nan ya yi ƙasa. A kwance noti, a cusa fallen gwangwani, a ɗaure, a sake zagayawa. Ɗaure notin kansa yana karkatar da kan, sai an bi su ɗaya bayan ɗaya kaɗan-kaɗan. Aiki ne mai cin rai, ba rumfa, ba lemo, ba wanda ya zo kallo. Muka yi azahar muka dawo, muka yi la'asar muka dawo, Oga yana jiranmu da sufana a hannu. Can wajen yamma takardar ta ja daidai a ko'ina.

A wannan karon Yaya da kansa ya ce a kawo guntun katako na banza. Ya fito sumul daga farko har ƙarshe. Aka mayar da teburin Baba. Na faɗi zurfi, Yaya ya rubuta abin da na faɗa, yatsansa ya yi shawagi a kan madannin, sannan ya janye shi ya sa a aljihu.

Ban taɓa ganin katako mai santsi irin wannan ba. Ka ɗora ƙwai ya zauna. Oga ya hasko shi da fitila ta gefe, ba ko inuwar layi. Sai da muka kwance shi muka ga abin da muka yi. Katakon da ƙarti suka shigo da shi suna nishi, ni kaɗai na ɗaga shi da hannu ɗaya. Bai kai kaurin ɗan yatsa ba, in ka riƙe shi ta kai sai tsakiyar ta yi lilo. Garin gyaran gira mun rasa ido. Oga ya shiga shagonsa ya daɗe bai fito ba.

Ana jibi Salla muka kai shi Fagge. Yaya ya ɗora shi a kan ƙafafun teburin da kansa, ya ja baya ya durƙusa. Inna ta fito ta tsaya. Ta sa tafin hannu ta shafa daga wannan kai zuwa wancan, ta dawo. Ta leƙa gefensa. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi mana sauƙi.

Ta ce, "Ya yi kyau. Tambaye shi ina sauran."

Na ce, "Inna, sauran ai gari ne, ya zama gari."

"Na ji. Ina garin?"

Yaya ya miƙe ya fita ko hula bai gyara ba. Na bi shi. A Sabon Gari Oga ya kasa haɗa ido da mu, ya ce garin katako ba ya kwana a layinsu, mata masu murhun gari suna kwashewa kullum da safe, matarsa ma da shi ta yi ta dafa wake. Yaya ya shiga ɗakin injin. Ya tuɓe babbar rigarsa ya rataye, ya durƙusa, ya shiga bin lungunan ƙarfen da yatsa, ƙarƙashin gada, bayan noti, cikin ramukan da tsintsiya ba ta kaiwa. Mutumin da ke da yara a shago masu ɗauko masa ruwa, ga shi yana rarrafe a daɓen Oga. Na so in yi masa dariya, na nemi dariyar na rasa. Tausayinsa ya kama ni har na ji haushin kaina. Oga ya kawo buroshin fenti ya durƙusa kusa da shi.

Abin da suka tara bai cika tafin hannu ba. Yaya ya zuba a hankicinsa ya ƙulle.

Inna tana nan inda muka bar ta. Ya miƙa mata da hannu biyu. Ta kwance, ta dubi jan garin, ta kai shi hanci ta shaƙa, ta daɗe idonta a rufe. Sannan ta juye shi a haɓar zanenta ta ƙulle tam, ta mayar masa da hankicinsa.

Ta ce min, "Gaya masa ya ɗauke wancan ya kai inda ake buƙatarsa. Wannan ya ishe ni."